Dan Allah furen nan mai cin kwari ya daina danko ganyensa sun kankance, mutuwa yake ko me?

MaiSonFure:

Salam yan uwa masu harkar shuka, dan Allah a taimaka min kafin in yi asara. Wata kawata ce ta bani wani dan tsiro kyauta wajen wata bakwai kenan, a jikin yar takardar da aka soka a tukunyar an rubuta Pinguicula moranensis, ni dai ban taba jin sunan ba sai ranar. Ganyensa masu fadi ne kore mai haske, a kwance suke sun yi zobe, in ka taba sai kaji danko da maiko kamar an shafa musu mai, kuma kananan kudajen nan bakake da suke tashi daga kasar tukwane da sun sauka akai shikenan sun makale, wlh har dadi nake ji in na leka da safe naga abinda ya kama. Yayi min fure sau biyu, ruwan hoda mai dan duhu, guda daya tal akan wani dogon kara siriri.

To yanzu kusan sati hudu kenan abu ya canza. Manyan ganyen nan na waje sai yin rawaya suke suna bushewa daya bayan daya, sababbin da suke fitowa a tsakiya kuma kanana ne masu kauri sun cunkushe waje daya kamar bawon kifi, ba danko ko kadan, kuda ya sauka ya tashi abinsa. Da na kira kawar tawa tace ai shi a inda yake fitowa jikin duwatsu masu laima yake rayuwa inda ruwa ke tsattsafowa, kila kishirwa ce ke damunsa. Sai na kara masa ruwa, na dora tukunyar cikin faranti mai ruwa bana bari ya kafe, shekaranjiya ma har na dan diga masa takin ruwan da nake bawa sauran furannina. Ba abinda ya canza sai ma kara kankancewa da yake. Mutuwa yake ne? In kuma da gaske tsiron jikakken dutse ne me yasa ruwan bai masa amfani ba?

dan_lambu:

Wslm. Haba yar uwa taki kuma?? Ai masu cin kwari ba'a basu taki, ita ce dokar farko, saiwarsu bata saba da shi ba konewa take. Ki samu ruwan sama mai yawa ki zuba ta sama ya fice ta kasa ya wanke shi tun yau. Amma maganar faranti kam kinyi daidai, ni nawa masu cin kwarin duk a cikin ruwa suke zaune shekara da shekaru ba abinda ya same su, kar ki yarda ya bushe ko na yini daya.

Malam_Tsiro:

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa kwantar da hankalinki, bisa yadda kika siffanta shi ba mutuwa yake ba, kaya ya canza. Amma ki fitar da shi daga farantin nan yau ɗin nan. Ɗan lambu ka yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba. Maganar wanke takin daidai ka faɗa, a yi sau ɗaya, a bar tukunyar ta tsane sarai, daga nan a ja hannu.

Shi wannan tsiro ɗan Meksiko ne da Gwatemala, a tsaunuka yake, daga tsayin mita 800 har zuwa wajen 3,200. Wasu Turawa masu binciken tsirrai, Humboldt da Bonpland, su ne suka tsinto shi kusa da wata mahaƙa da ake kira Moran a yankin Hidalgo na Meksiko, daga nan sunan moranensis ya samo asali, wani masanin tsirrai Kunth kuma ya rubuta bayaninsa a 1817. A can shekara kashi biyu ce, damina daga wajen watan Yuni zuwa Oktoba, sauran watannin kuma rani ne, ruwa ya ɗauke, dutsen da yake jiƙe sharkaf ya koma a bushe sai ɗan hazo da raɓar asuba. Shi ya sa tsiron yake da ganye iri biyu. Na damina su ne waɗanda kika sani, manya masu danƙo, ba su fi shida ko takwas a lokaci guda ba, su ne tarkon. Da rani ya ƙarato sai ya zubar da su ya fito da ƙanana masu kauri birjik, har sukan haura hamsin, aikinsu ajiye ruwa kawai, ba sa kama ko sauro. Abin da kike gani ke nan. Ko a ɗaki yake, in yini ya fara gajarta kuma aka ɗan samu sanyi yakan yi wannan canjin da kansa.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba da ta ce a jikin dutse mai laima yake, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ki kwatanta bangon dutse a tsaye, a wajen da rana ba ta dukansa sosai. Ƙasa babu, sai ɗan gansakuka da 'yar ƙurar da ta taru a tsaga. Ruwan da ke tsattsafowa wucewa yake yi, ya jiƙa saiwar ya gangara, ba ya kwanciya ko na minti ɗaya, don haka saiwar kullum tana da laima kuma kullum tana shan iska. A faranti kuwa ruwan zaune yake, ya cika duk 'yan ƙofofin da iska za ta bi. Lokacin damina tsiron yana iya jurewa saboda yana sha sosai, amma yanzu da ya shiga hutu kusan ba ya sha, ruwan sai ya tsaya a gindinsa ya ruɓar da zuciyar. Saiwarsa ma ba wata saiwa ba ce, 'yan farare ne sirara gajeru, yawancin aikinsu riƙe shi a jikin dutse, in kika ɗan ja shi da yatsa zai iya tasowa gaba ɗaya.

Wannan zaman na jikin dutse shi ne ma dalilin cin ƙwarin. Wurin da ruwa ke wankewa kullum ba ya riƙe abincin shuka, musamman naitrojin, sai ya koma samun nasa daga jikin ƙananan ƙwari. A saman ganyen akwai 'yan ƙwayoyi iri biyu da ido ba ya rarrabewa sosai, masu ɗan wuya su ke fitar da ɗigon danƙon nan mai ƙyalli, na kwance kuma su ke fitar da ruwan da ke narkar da ƙwaron, ganyen ya tsotse. Tsiron da ya saba da yunwa irin wannan in kika zuba masa taki a saiwa kin ba shi abin da ya fi ƙarfinsa.

Abin yi yanzu kaɗan ne. Bayan kin wanke takin, ki bar ƙasar ta kusa bushewa, sai ki ɗan jiƙa gefen tukunyar jefi-jefi, kada ruwa ya taɓa tsakiyar ganyen. Ki ajiye shi inda haske yake da yawa amma ba zafin ranar tsaka ba, kuma inda iska ke wucewa. Kada ki bi kalanda, ki bi ganyen: ranar da kika ga sabon ganye ya fito da faɗi yana ƙyalli, to ya farka, sai ki riƙa ƙara ruwan a hankali. Kuma kada ki yi mamaki in ya yi miki fure a haka yana ƙanƙance, moranensis yakan yi.

maman_furanni:

Wlh Malam ina ma na ga wannan bayanin shekara biyu da suka wuce. Ni haka na kashe nawa na farko, garin neman gira na rasa ido, ina ganin ya kankance na dinga dura masa ruwa safe da yamma ina cewa tausayi nake ji, wata safiya na taba shi kawai sai ganyen suka watse a hannuna daya bayan daya, tsakiyar ta zama ruwan kasa tayi laushi tubus har da dan wari, kuma abin haushin daga sama kore yake shar har ranar, baka ganin komai sai ya gama.

To yar uwa tunda ya dade a ruwa ga kuma taki, ki duba zuciyar tukun kafin kiyi murna. Kisa yatsa ki dan danna tsakiyar a hankali, in da tauri kuma fari ne ko kore to lafiya lau. In kinga gindin ganyen ya fara yin ruwan kasa ko suna cirewa da kansu to rubewa ta fara, kar ki tsaya jira, ki tsinke masu lafiyan nan da nan.

Kuma ko lafiyarsa kalau ni shawarata ki cire guda hudu ko biyar daga kananan ganyen na waje ki ajiye, yanzu ne lokacin da yafi kamawa. Ba yanka ake ba, kamawa zakiyi ki dan ja kasa a hankali ya fito da farin gindinsa, don daga wannan farin wajen ne dan yake fitowa. Ki kwantar dasu akan kasa mai dan laima kadan, kar ki binne, ki ajiye a inuwa mai haske ki manta dasu, bayan yan makonni zakiga wani dan mitsitsin tsiro ya bullo a gindin kowanne. Ni yanzu daga guda daya da na sake samu ina da tukwane sun fi goma har rabawa nake.

Sannan wace irin kasa ce a tukunyar taki? Don yawanci a cikin bakar kasar nan mai rike ruwa kamar soso ake sayar dasu. Ni na koma tsakuwa zalla kusan, dutsen aman wutan nan mara nauyi mai huji-huji da farin falayit (wata farar tsakuwa mara nauyi da ake hadawa a kasar tukwane) da yashi mai gwari-gwari, bakar kasar yar kadan nake sawa. Akwai ma guda biyu da na dora akan guntun dutse mai huji kai tsaye ba kasa ko kadan, gindin dutsen ne kawai yake taba ruwa yana jawo laimar sama, kuma sun fi kowanne kyau.

dan_lambu:

To Malam naji kuma ban musa ba, amma ni fa na sha ganin hotunan Pinguicula a Ailan a cikin fadama tsamo-tsamo kafarka ma nutsewa zatayi, na kuma ga wasu a Sifen suna rataye a bangon dutse ruwa na diga a kansu. Su wadancan ba sa rubewa ne? Kuma tunda ance a dutsen farar kasa suke fitowa me zai hana ta basu ruwan famfo kawai, ba dole sai na sama ba, naga kamar ana wahalar da mutane ne da wannan maganar.

Malam_Tsiro:

Hotunan da ka gani gaskiya ne ɗan uwa, dangin ne ke da yawa, sun haura iri 80, kuma ba halinsu ɗaya ba. Meksiko ce ta fi kowace ƙasa yawansu, akwai su a Kyuba da Kudancin Amurka da Turai da arewacin Asiya, a Afirka sai can arewa wajen Maroko, Ostireliya kuwa babu ko ɗaya. Na Ailan da ka gani mai babban fure shuɗi-shuɗi grandiflora ne, akwai kuma vulgaris da ya bazu a arewacin Turai da Arewacin Amurka. Na bangon dutse a Sifen akwai longifolia a tsaunukan Pirenis, da vallisneriifolia a tsaunukan Kazorla can kudu, mai dogayen ganye sirara da ke reto a jikin dutsen. Su waɗannan abokin gabarsu sanyi ne, ba fari ba. In lokacin ƙanƙara ya zo sai su zubar da ganye gaba ɗaya su dunƙule su zama ɗan ƙullutu kamar ƙwayar tafarnuwa, su kwana a haka har sanyi ya wuce. Suna son jiƙa da gaske, amma kuma dole sai sun samu watannin sanyi mai tsanani, shi ya sa riƙe su a ɗaki yake da wuya, kuma shi ya sa kusan duk wanda za ka gani ana sayarwa a tukunya ɗan Meksiko ne ko haɗin 'yan Meksiko. Ko na jikin dutsen Sifen ɗin ma ka sake duba hoton, ruwan sauka yake yana wucewa, kuma mai sanyi ne.

Naka da ke zaune a faranti shekara da shekaru ina kyautata zaton 'yan fadama ne, irin su Drosera ko Sarracenia, su kam haka suke so. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka duk mai cin ƙwari ɗan fadama ne.

Maganar ruwan famfo kana da rabin gaskiya. 'Yan Meksiko da yawa a dutsen farar ƙasa suke, akwai ma gypsicola da ke fitowa a kan jifsam, wani farin dutse mai laushi, don haka sun fi sauran masu cin ƙwari jure ruwa mai gishiri-gishirin ma'adinai. Sai dai a jikin dutse ruwa na zuwa sabo ya wanke na jiya, a tukunya kuwa ruwan ya tashi ya bar abin da ke cikinsa, yau kaɗan gobe kaɗan har ka ga fari-fari ya kama bakin tukunyar. In ruwan famfonka mara nauyi ne kuma kana zubawa ta sama ya fice ta ƙasa lokaci-lokaci, ba laifi. In ka ga yana barin farin ɓawo a butar dafa ruwa, gara na sama.

bako_ne_ni:

Ni dai tambayata daya, in na jera guda ashirin a taga zasu gama min da sauro? Kuma in ba kwari a dakin ana iya dan yanka masa nama a dora? lol

maman_furanni:

Hhhh dan uwa kar ka yar da gidan sauronka. Dankon bashi da karfi, kananan kudajen tukwane da masu bin yayan itace yake iya rikewa, sauro sai in tsautsayi ya kai shi, babban kuda kuwa fincikewa yake ya tafi. Nama kuma a'a dan Allah, yafi karfin ganyen, kafin ya narkar da shi ya rube ya huda ganyen ya jawo funfuna. Ko bai kama komai ba zai rayu, ai kore ne yana hada abincinsa da hasken rana kamar kowace shuka, kwarin kari ne kawai.

Malam_Tsiro:

Ka ga kuwa tambayar naman ba ta banza ba ce, Darwin, shahararren masanin halittu na Ingila, da kansa ya yi wannan gwajin, yana cikin littafinsa na 1875 a kan tsirrai masu cin ƙwari. Ya riƙa ɗora 'yan mitsi-mitsin nama da farin ƙwai da ƙwari a kan ganyen vulgaris, ya ga bakin ganyen yana naɗowa a hankali ta wajen abin, ruwan da ke fita kuma ya ƙaru ya yi tsami yana narkar da shi. Da ya ɗora ɓarɓashin gilashi sai ganyen ya ɗan naɗo amma ruwan narkarwar bai zo ba. Wato ganyen yana bambance abinci da tsakuwa. Amma shi ɗin 'yan ƙananan gutsattsari yake sawa, ba yankan da kake nufi ba.

Sunan ma daga wannan maiƙon da 'yar uwa ta ji a yatsa ya fito, pinguis a Latin mai ƙiba ko mai maiƙo ke nan. A Suwidin da Norwe can da har ganyen suke amfani da shi wajen kafa madara ta yi kauri da yauƙi. Wani abin da ke burge ni shi ne dogon karan furen: ganye na ƙasa yana cin ƙwari, furen kuma yana buƙatar ƙwarin da za su kai masa ƙurar barbara, sai ya ɗaga shi can sama nesa da tarkon. In ya sake fure ki leƙa bayansa, akwai wani ɗan dogon ƙaho siriri, a ciki yake ajiye ruwan zaƙin da ke jawo su.

MaiSonFure:

Kai jama'a nagode sosai Allah ya saka da alkhairi, Malam Allah ya kara ilimi. Na cire shi daga farantin, na wanke da ruwan sama har sau uku a jere na barshi ya tsane. Anti na danna tsakiyar kamar yadda kika ce da tauri alhamdulillah, amma da na daga na kasan naga guda biyu gindinsu ya fara ruwan kasa sai na cire su na yar, wajen da suka fita dai fari ne. Kasar kuwa kin canka, bakar nan ce mai kama da soso, har yanzu in na matsa gefen tukunyar ruwa na fitowa. Na tsinke kanana guda biyar na kwantar, daya ya karye a tsakiya bai fito da farin gindin ba amma na ajiye shi haka nan in gani.

Abinda ya rage min, in canza masa kasar yanzu ne tunda wannan ta jike da yawa ga ragowar taki, ko in jira sai ya farka? Ina tsoron in taba saiwar in karasa shi.

maman_furanni:

Ki canza yanzu, ai yana hutu ne yafi saukin dagawa, saiwar ma yawanci ta bushe a wannan lokacin ba abinda zaki lalata. Kisa cokali ta kasa ki dago shi, ki kakkabe bakar kasar, ki dora shi a saman sabuwar ki dan danna kadan yadda zai zauna, kar ki binne ganyen kasan. Ki bari sai bayan kwana uku ko hudu kafin ki jika gefen. Wanda ya karye din ma kar ki yar, ni akwai wanda ya taba fito min a haka, ya dai dade.